Digirin Labarin Ƙasa da Ma'aunin Duniya

Mu masu koyar da labarin ƙasa a sakandare, abin da jami'a ta shuka shi muke girba, domin ɗalibanta ne abokan aikinmu na gobe. Shi ya sa muka kasa kunne a 2022, da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta fito da sabuwar manhaja don digirinmu ya yi gogayya da na duniya. Kashi 70 ita ta tsara, kashi 30 ta bar wa kowace jami'a.

Ba mu ƙi ba. Dole ɗalibi ya iya zana taswira da kwamfuta, ya karanta hoton tauraron ɗan'adam. Ai tun 2003 Nijeriya ta mallaki nata. Amma fa idonmu na kan kashi 30 ɗin nan. Sunan da Michael Mortimore ya yi a duniya, a gonakin karkarar Kano ya samo shi, wajen nazarin manoma da takinsu. Mun sha karɓar mai digiri da zai zayyana maka kogin Misisifi tiryan-tiryan, amma ka ce ya kai yara bayan gari ya nuna musu yadda zaizaya ke cin gona, sai ya shiga duban agogo.