Keken da kaji suke kwana a kai

A hutun damina na shekarar 1994 ina aji biyar a lakkwal, a garin Maraɗi. A bayan rumbun maƙwabcinmu akwai wani tsohon keke jingine. Babba ne, baƙi, mai faɗin kai, ƙirar Phoenix ta ƙasar Sin. Kaji sun mai da shi wurin kwana. Tsatsa ta cinye sarƙarsa, tayoyinsa sun bushe sun tsattsage.

Ina da zabi guda huɗu. Na sayar da su, na kai wa maƙwabcin jikka 3, ya turo mini keken yana dariya. Da Baba ya gani, sai ya ce: "Ka sayar da zabi masu rai, ka sayo gawa." Wannan magana ta yi mini zafi ƙwarai.

A watan Janairu na shekarar nan aka karya darajar kuɗin sefa, kayan waje duka suka yi tsada. Sababbin kayan keke sun fi ƙarfina. Sai na tafi wurin kawuna, mai gyaran kekuna a bakin kasuwa. Ya dubi keken, ya ce: "Ni ba zan taɓa shi ba, ɗana. Ga sifana. Ina faɗi, kana yi."

Na jiƙa sarƙar cikin kalanzir kwana biyu, har ta saki. Na goge ƙarfen da yashi da jiƙaƙƙen tsumma. Na hura robar ciki, na tsoma ta cikin kwanon ruwa. Duk inda iska ke fita, ruwa yana ɓulɓulowa. Na ƙirga huji bakwai! Kawu ya ce in kankare wurin, in shafa sholisho, in jira ya sha iska, sa'an nan in manna faci. Ban jira ba. Faci na farko ya ɓalle nan take.

Babban kuskurena shi ne ranar da na kwance ƙafar gaba a tsakar gida. Ban san akwai ƴan ƙananan boris a ciki ba. Ina zare ƙarfen tsakiya, sai suka zube cikin rairayi. Na ɗauko rariyar Inna, na yi ta tankaɗe ƙasa har magariba. Na same su, ban da guda ɗaya. Inna kuwa ta yi mini faɗa, don da wannan rariya take tankaɗe garin tuwo. Tun daga ranar, sai na shimfiɗa buhu kafin in kwance kome.

Kawu bai ba ni kome kyauta ba. Sati uku ina buga wa mutane famfo a rumfarsa, kafin ya ba ni boris ɗin da tsofaffin tayoyi biyu. Fenti dai ban samu ba.

Ana saura kwana biyu a koma lakkwal, a farkon Oktoba, na hau. Ƙafata ba ta kai feda daga kan sirdi, sai na zura ta ta ƙarƙashin sanda. Na zagaya unguwa sau uku, yara suna bi na da gudu.

Washegari da asuba, Baba ya leƙo ɗakinmu da hauya a kafaɗa. Ya ce: "Kai, tashi. Ara mini gawar nan, zan je gona."