Ƙwallo 37 da Lissafin Ɗalibinmu

Shekara 19 ke nan muna riƙe da alli a wata makarantar sakandare da ke arewacin birnin Kaduna. A tsawon wannan lokaci yara sun sha ƙure mu da tambaya, amma ba mu taɓa jin haushin amsar da take daidai ba sai a watan Nuwamban 2025. Darasin da muke kai a lokacin shi ne matsakaici, wato yadda ake tara adadi a raba shi don a gano abin da ke faɗowa a kan kowane ɗaya. Muka umarci 'yan aji biyar da kowa ya je gida ya samo misali daga abin da ya sani. Wasu suka kawo kuɗin motar da suke kashewa a mako, wata yarinya ta kawo mudun masarar da ake ci a gidansu a wata. Shi kuwa wani yaro mai kaifin basira, wanda ke zama a layin baya kusa da taga, sai ya fito gaban allo ya rubuta sunaye biyu, Rashidi Yekini da Victor Osimhen.

A ƙarƙashin sunan Yekini ya sa ƙwallo 37 da ya ci wa Nijeriya a wasa 62, ya raba, ya sami kimanin ƙwallo 3 a kowane wasa 5. A ƙarƙashin sunan Osimhen ya sa ƙwallo 31 da ya tara zuwa wannan mako, a wasannin da ba su cika 50 ba, ya raba, ya sami kimanin ƙwallo 2 a kowane wasa 3. Ya ja layi, ya karkaɗe hannunsa, ya dube mu yana murmushi ya ce, "Malam, ka ga na zamaninku ya kusa sauka daga kujera." Aji ya fashe da dariya. Mu kuwa muka ɗaure fuska muka ce, "Koma ka zauna, lissafinka bai cika ba." Muka ba shi maki 6 cikin 10. Alhali kuwa babu kuskure ko na ɗigo a cikin aikinsa, kuma mun san da haka tun kafin ya kai mazauninsa.

Mai karatu zai so ya ji abin da ya haɗa malamin lissafi da Yekini har zai tauye haƙƙin yaro saboda shi. Dalilin yana can cikin wani dare na watan Yunin 1994. Muna da shekara 13 a duniya, muna zaune a Unguwar Shanu, ranar da Nijeriya za ta buga wasanta na farko a tarihin gasar cin kofin duniya, ita da Bulgeriya, a birnin Dallas na Amurka. Saboda bambancin lokaci, ba a take ƙwallo ba sai bayan ƙarfe goma sha biyun dare. Wani maƙwabcinmu ya fito da talabijin ƙofar gida ya ɗora a kan benci, aka shimfiɗa tabarmi. Mahaifinmu, wanda bai yarda yaro ya leƙa waje bayan sallar isha'i ba, shi da kansa ya kamo hannunmu ya kai mu. A minti na 21 Finidi George ya gangaro da ƙwallo ta dama ya miƙa ta gaban raga, Yekini ya tura ta ciki, ya bi ta, ya cafki ragar da hannu biyu yana girgiza ta yana ihu. Unguwa ta kaure da sowa. A cikin wannan hayaniya muka ji Baba ya ce a hankali, kamar mai magana da kansa, "Wannan yaron a gabanmu ya fara, can Kakuri." Kafin a tafi hutun rabin lokaci Daniel Amokachi, shi ma haifaffen Kaduna wanda ya taso a Ranchers Bees, ya ƙara ta biyu. Aka tashi 3 da nema, kuma Bulgeriyar da aka lallasa ita ce ta je har wasan kusa da na ƙarshe a wannan gasa.

Baba ma'aikacin wata masaƙa ne a Kakuri. Kullum da asuba yakan hau kekensa ya tsallake gadar kogin Kaduna, ya dawo da yamma da burbushin auduga a gashin kansa. A zamaninsu masaƙa ba tufa kaɗai take saƙawa ba, har 'yan ƙwallo take renowa. A ƙungiyar masaƙar UNTL ne Yekini, wanda aka haifa a Kaduna a 1963, ya fara fitowa a farkon shekarun 1980, kafin ya wuce Shooting Stars ta Ibadan, daga nan Abiola Babes ta Abeokuta, sannan Africa Sports ta Abidjan. Bai taka Turai da sunan sana'a ba sai a 1990, yana dab da shekara 27, lokacin da ya koma Vitória de Setúbal ta ƙasar Fotugal. A kakar 1993 zuwa 1994 ya fi kowa cin ƙwallo a babbar gasar wannan ƙasa da ƙwallo 21. A 1993 ya zama ɗan Nijeriya na farko da aka zaɓa gwarzon ɗan ƙwallon Afirka. Shi ya fi kowa zura ƙwallo a gasar cin kofin nahiyar Afirka ta 1992 da ta 1994, kuma a ta biyun aka ɗauko kofi daga Tunisiya. Ya sa rigar ƙasa daga 1984 zuwa 1998, kuma a 2005, yana da shekara 41, ya sake ɗaura takalmi ya buga wa Gateway a gasar cikin gida.

To, shi ma yaron da ake gwada shi da shi ba a kan katifa ya tashi ba, kuma adalci ya wajabta mu faɗi haka. An haifi Osimhen a Legas a ƙarshen 1998, ya girma a Olusosun kusa da babbar jujin birnin, ya yi tallan ruwan leda a tsakanin motoci. A 2015 ya ci ƙwallo 10 a gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 a ƙasar Chile. Ya je Wolfsburg ta Jamus ya baro ta ba tare da ya ci ko ɗaya ba, har wasu suka fara cewa tauraron ya dushe tun bai haska ba. Ya farfaɗo a Beljiyam, ya wuce Faransa, ya sauka a Napoli ta Italiya, inda a 2021 aka farfasa masa ƙasusuwan fuska a fili, dalilin da ya sa aka san shi da takunkumin fuska. A kakar 2022 zuwa 2023 ya ci 26, ya zama ɗan Afirka na farko da ya fi kowa cin ƙwallo a gasar Italiya, Napoli kuma ta ɗauki kofin da rabonta da shi tun 1990. Juma'ar da za ta yi kyau, in ji Bahaushe, tun daga Laraba ake gane ta.

Da yake son zuciya ba ya rasa hujja, sai muka kwana muna haɗa tamu. Washegari muka ce wa yaron, cikin ƙwallayen gwaninka 7 a ragar Sao Tome kaɗai ya zuba su, 4 a wasan da aka tashi 10 da nema a 2022, sannan 3 a 2023. Wannan ai cin tuwo ne da miyar da ba ta da ƙashi. Yaron bai yi musu ba. Kwana biyu a tsakani ya same mu a ƙofar ɗakin malamai, ya rusuna ya ce, "Malam, na bincika. Ai Yekini ma ya ci 4 a ragar Burkina Faso a 1991, ranar da aka tashi 7 da 1." Ya ƙara da cewa wasu kundaye wasa 58 suka ba Yekini ba 62 ba, kuma ya sake rabawa da wannan adadi don kada ya zalunce shi, amma duk da haka gwanin nasa na gaba. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Yaro ɗan shekara 16 ya yi wa Yekini adalcin da mu muka kasa yi masa.

Duk da haka akwai abin da matsakaici ba ya iya faɗa, kuma wannan ba son zuciya ba ne, ɗabi'ar lissafin ce. Shi matsakaici mai baje tudu da kwari ne. Ƙwallon da aka ci ana 9 da nema da wadda ta kawo kofi, duk ɗaya yake ƙirga su. Daga cikin 37 na Yekini, 13 a tsakiyar gasar kofin Afirka ya ci su, ɗaya kuma ita ce ƙwallon Nijeriya ta farko a gasar duniya, wadda ba za a sake cin irinta ba har abada, domin ta farko ɗaya ce. Osimhen ya kai wasan ƙarshe na kofin Afirka a Abidjan a 2024 aka rasa, kuma Nijeriya ba ta sami zuwa gasar duniya ta 2022 da ta 2026 ba. Amma nan ma tilas mu ja wa kanmu linzami, domin mutum 11 ke buga ƙwallo. Yekini na da Finidi da Okocha da Oliseh da Amuneke a bayansa. Ba a tuhumar maharbi a kan rashin namun dajin da bai sami masu kora ba.

Abokin aikinmu mai koyar da motsa jiki ne ya kawo mana wani misali daga nesa. Ya ce akwai wasan hoki, ɗan'uwan wanda ake bugawa da sanda a Dandalin Murtala, sai dai shi a kan ƙanƙara ake yin sa a Amurka da Kanada. A can wani ɗan Kanada, Wayne Gretzky, ya yi ritaya a 1999 da ci 894, aka daɗe ana ganin babu mai kamo shi. Ran 6 ga Afrilun 2025 wani ɗan Rasha, Alexander Ovechkin, ya ci na 895, yana da shekara 39, kuma a wasansa na 1,487, daidai adadin wasannin da Gretzky ya buga a rayuwarsa. Abin lura a nan biyu ne. Na farko, ba saurin ƙuruciya kaɗai ya kai Ovechkin ba, shekara 20 ya yi yana tafe. Matasa nawa ne suka fara da gudu irin nasa, aka yi ta lissafa ranar da za su iso, rauni ko gajiya ta tsayar da su a hanya? Na biyu, Gretzky na cikin filin a wannan rana, ya sauko ya rungume shi ya taya shi murna, kamar yadda shi ma a 1994 ya karɓi kujerar daga hannun wani tsohon gwani, Gordie Howe.

Wannan runguma ce ta fasa mana ƙurjin da muke ɓoyewa. A farkon wannan zangon karatu an turo mana sabon mataimakin shugaban makaranta, kuma ba kowa ba ne illa wani yaro da muka koyar da hannunmu shekara 15 da suka wuce. Ya je jami'a ya yi digiri, ya ƙara na biyu, ya hau matakan da mu da difilomarmu muka yi shekara da shekaru muna rarrafawa a kai. Duk safiya yakan zo ya gaishe mu da ladabi, "Malam, an tashi lafiya?" mu kuwa mu amsa a daƙile, mu kau da kai. Ashe ranar da ɗalibinmu ya ce na zamaninmu ya kusa sauka daga kujera, ba Yekini muka ji an taɓa ba, kanmu muka ji. Kuma a bayan kanmu akwai Baba, wanda ya ba masaƙa ƙarfinsa fiye da shekara 20, aka wayi gari a shekarun 2000 masaƙun Kakuri na rufewa ɗaya bayan ɗaya, ya jingine kekensa a zaure, babu wani allo da aka rubuta adadin yadin da ya saƙa. Tsoronmu shi ne idan an shafe lambar mutum, shi ma an shafe shi.

Amma da muka natsu sai muka ga ba lamba ce ke riƙe mutum ba. Yekini ya rasu ran 4 ga Mayun 2012 a Ibadan yana da shekara 48, bayan ya daɗe da janye jikinsa daga jama'a, aka binne shi a Ira ta Jihar Kwara. Allah Ya jiƙansa, Ya jiƙan Baba. A lokacin babu wanda ya ko kusanci 37 ɗinsa, amma lambar ba ta zame masa abokin hira ba, ba ta kuma tuna wa mutane su leƙa shi ba. Idan akwai bashin da ke kanmu game da shi, to, wannan ne, ba tsare masa kujera ba. Sauri alkawari ne, rayuwar da aka kammala kuwa shaida ce, kuma ba a ɗora alkawari da shaida a kan ma'auni ɗaya. Wanda yake tafe a yi masa addu'a, wanda ya sauka a kula da shi tun yana raye.

Muka kira yaron gaban aji, muka soke 6 muka rubuta 10, muka gaya wa 'yan ajin cewa kuskuren namu ne. Ranar kuma muka taka da ƙafarmu zuwa ofishin mataimakin shugaba, muka yi masa murnar da ya kamata mu yi masa tun watanni uku baya. Ya miƙe tsaye, ya ƙi zama sai da muka zauna.

A gasar kofin Afirka da aka kammala a Maroko a watan Janairun 2026 Osimhen ya ƙara 4, ya kai 35. Da aka dawo hutu yaron ya tare mu a bakin ƙofar makaranta ya ce, "Malam, saura biyu. In ya wuce shi za ka ji haushi?" Muka ce masa za mu ji, domin mu ma mutane ne, amma za mu tafa masa. Sannan muka ba shi wani aikin gida, ya je wurin kakansa ya tambaye shi sana'ar da ya yi da shekarun da ya yi yana yin ta, ya rubuto mana, kuma a wannan karon kada ya raba komai da komai.