Ƙafa da Keke a Turbobin Damargu

Duk malamin da ke koyar da Faransanci da Hausa ya san akwai kalmomin da ke ƙin tsallakawa daga wannan harshe zuwa wancan. Ɗaya daga cikinsu ita ce randonnée. In ka ce wa ɗalibai ma'anarta "tafiya", sai su tambaye ka: zuwa ina? In ka ce "yawo", ka ɓata ta, domin a wurinmu mai yawo ba abin yabo ba ne. In ka ce "shan iska", ka rage mata nauyi, tunda mai shan iska bai cika wuce bakin gari ba. Bahaushe yana tafiya don fatauci, ko neman ilimi, ko sada zumunci, ko cin rani. Amma mutum ya rataya gorar ruwa ya yini yana hawa da gangara, ba bashi yake bi ba, ba kuma ɓatacciyar akuya yake nema ba, wannan sai a dube shi a girgiza kai.

A Faransa kuwa abin ya zama al'ada mai tsari. Tun 1947 suka fara shata dogayen hanyoyin ƙafa da suke kira GR, suna shafa fenti fari da ja a jikin duwatsu da itatuwa don kada matafiyi ya ɓace. Keken hawan dutse, mai kaurin taya da giya da yawa, wanda samarin Kaliforniya ta Amurka suka ƙago a shekarun 1970, shi ma an shata masa nasa hanyoyi, har ya shiga wasannin Olamfik a 1996. An kasa hanyoyinsa gida huɗu bisa launi: kore ita ce mafi sauƙi, sai shuɗiya, sai ja, sai baƙa ta gwanaye. Garin da ke gindin dutse, irin su Shamoni, yana buga taswira mai nuna tsawon kowace hanya, da yawan hawanta, da inda ake samun ruwa. Na tsakiyar nan biyu su suka fi ba ni sha'awa, domin su ne hanyoyin mutum mai lafiya wanda ba gwani ba: suna sa shi gumi, su kuma maido shi gida kafin duhu.

Mai karatu yana iya cewa, ina ruwan Tanut da wannan zance? Gaskiya ne, manyan duwatsu suna can arewa a Abzin, inda ƙololuwar Bagzam ta kai mita 2,022. Abin da muke da shi a Damargu ƙananan tsaunuka ne masu shimfiɗaɗɗen kai, an lulluɓe su da marmara, tsakaninsu jigawa da fako da ƙoramu. Sai dai in aka auna su da ma'aunin Faransawa, hanyoyinmu daidai suke da na tsakiyar nan. Mun gaje su tun kaka da kakanni, kowace da sunanta da labarinta, kuma muna cikin rasa su ba tare da an ji kukan kowa ba.

Harshenmu kansa shaida ne cewa mun san hanya ciki da bai. Akwai gwadabe, babbar hanya mai faɗi wadda ayari ke bi. Akwai turba, siririya, wadda ƙafa ta tsaga daga ƙauye zuwa rijiya ko gona. Akwai burtali, wanda aka bari tsakanin gonaki don dabbobi su wuce ba su yi ɓarna ba, akwai kuma labi, hanyar shanu zuwa mashaya. Kowace da abin da take nema ga mai bin ta. A jigawa ƙafa tana nutsewa, mai keke kuwa dole ya sauka ya tura. A fako keke yana gudu kamar bisa kwalta. A hawan tsauni tsakuwa tana zame wa mutum, sai ya koyi taka gefen ƙafa, a gangara kuma mai keke ya koyi cewa birkin baya ake fara matsawa. Bayan kaka ƙarangiya tana cika ƙafar wando, tsidau da ƙayar aduwa suna jiran taya, shi ya sa ba a fita sai da faci da famfo. Wanda ya bi waɗannan hanyoyi shekara guda ya san ƙasar Damargu fiye da wanda ya shekara goma yana leƙenta ta tagar mota.

Gwadaben da ya ratsa ƙasarmu yana cikin manyan hanyoyin Afirka ta da. Ta nan ayarin Abzinawa ke gangarowa da gishirin Bilma da Fashi da dabino zuwa Damagaram da Kano, ya koma da gero da tufafi, domin Damargu ita ce rumbun Abzin. Ta nan kuma fata da hauren giwa da gashin jimina ke haurawa zuwa Tarabulus. A watan Janairu na 1851 Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi tafiyarsa da sunan Abdulkarim, ya iso Damargu cikin ayarin gishiri, ya ga gonakin hatsi bayan doguwar tafiya a hamada. A Tagelel ya rabu da abokin tafiyarsa: Richardson ya nufi Damagaram, shi kuwa ya bi ta Tasawa zuwa Katsina da Kano. Ya rubuta sunayen garuruwanmu a littafinsa, har da Olalewa. A 1899 rundunar Faransawa ta Foureau da Lamy ta bi ta wannan ƙasa daga Agadas zuwa Damagaram. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kaya suka juya zuwa teku, fataucin Tarabulus ya mutu, gwadabe ya fara ramewa. Abin da ke ɗaure mini kai shi ne, baƙo mai wucewa ya ga sunayen nan sun isa a rubuta, mu da aka binne cibiyarmu a nan muna barin su ga bakin tsofaffi kawai.

Sunayen kuwa littafi ne ga mai son karantawa. Tanut da harshen Abzinawa ƙaramar rijiya ce, wato ruwa ne ya fara tara mutane a wurin. Sabon Kafi yana tuna mana zamanin da gari ba ya kwana sai cikin kafi saboda tsoron hari. Bakin Birji, inda matatar mai ta fara aiki a 2011, sunansa yana faɗin irin ƙasar da ke wurin tun kafin a san akwai abin da ake kira fetur. A yamma, kwarin Tarka da ya ratsa ƙasar Belbeji, wadda aka cire daga gundumar Tanut a 2011, tsohon gulbi ne da ya ƙafe tun zamani mai nisa, ya bar wa makiyaya kiwo da rijiyoyi. A ƙasar da Hausawa da Dagira da Abzinawa da Fulani suka zauna tare, tsauni guda yana iya ɗaukar suna biyu ko uku, kowane harshe da abin da ya gani a jikinsa. Waɗannan su ne manyan sunaye da suka shiga taswira. Ƙanana, na tsaunuka da tabkuna da zangon ayari, ba su da wurin zama sai ƙwaƙwalwar masu tafiya da ƙafa.

To, masu tafiya da ƙafa suna raguwa. Kwaltar da ta haɗa Damagaram da Agadas ta janye tafiya zuwa layi guda. Babura masu araha da suka cika kasuwanninmu tun shekarun 2000 sun ƙarasa sauran. Ba na zargin kowa: wanda ya taɓa ganin an kai mace mai naƙuda asibiti a kan amalanke ya san albarkar kabu-kabu. Sai dai mai babur ba ya tsayawa rijiya ya sha ruwa, ba ya tambayar hanya, ba ya jin sunan komai. Turbar da aka daina takawa ciyawa ke rufe ta a damina guda, badi kuma garma ta shiga. Burtali ma haka. Dokar 26 ga Mayu 1961 ta shata iyakar noma ta arewa, ta bar abin da ke bayanta ga kiwo, amma fari da ƙaruwar jama'a sun tura gonaki gaba da ita tuni. Dokar karkara ta 1993 da ta makiyaya ta 2010 sun tabbatar da haƙƙin wucewar dabbobi, ana kuma kafa turakun siminti a wasu burtulai. Duk da haka, ranar da rigima ta tashi tsakanin manomi da makiyayi, tambayar farko ita ce: ina hanyar take da? In babu wanda ya tuna, sanda ce ke ba da amsa.

Wata ranar Asabar cikin hunturu na fita da ɗalibai goma sha biyu, rabi a ƙafa, rabi da kekuna, muka nufi wani tsauni da ake hangowa daga bakin gari. Dukansu haifaffun Damargu ne, amma uku kaɗai suka iya bambanta jiga da anza, ko da yake kakanninsu da ƴaƴan anza suka tsira a yunwar 1984. A wata rijiya muka tarar da wani dattijo yana shayar da raƙuma. Da muka gaishe shi na ce, "Baba, yaya sunan tsaunin can?" Ya faɗa da Hausa, ya sake faɗa da harshen Abzinawa, sa'an nan ya nuna mana da bakin sandarsa inda ayari ke sauka, da inda wani ƙauye ya tashi saboda rijiyarsa ta ƙafe. Ya dubi yaran ya ce, "Malam, su waɗannan me suka ɓatar da suke nema?" Wata yarinya ta fiddo littafinta ta fara rubutu tun kafin in ce a rubuta. Da muka hau kan tsaunin muka ga turbobi sun fito fili kamar zanen tafin hannu, wasu farare tas don yawan takawa, wasu sun dushe sai an ƙura ido. A darasin Hausa na ranar Litinin ban sha wahalar neman kan insha'i ba, kuma ba a taɓa kawo mini rubutu mai rai kamar na wannan mako ba.

Keke yana da matsayi na musamman a wannan aiki. Ya fi ƙafa nisan zango, amma bai kai babur saurin da ke makantar da ido ba. Mai keke yana jin kowane tudu a cinyarsa, yana jin sallamar mutane ya amsa, ba ya firgita garke. Ba sai mun jira keken Turai mai tsada ba. Tsohon baƙin keke da malaman ƙauye suka yi shekaru suna zuwa aiki da shi ya isa yawancin hanyoyinmu, in dai tayarsa na da rai.

Wasu za su ce a shata hanyoyin don baƙi masu yawon buɗe ido su zo da kuɗi. Abzin ta koya mana darasi a nan. An sa gandun Abzin da Tenere cikin kayan gadon duniya na UNESCO a 1991, kuma jagororin Timiya da Iferwan sun daɗe suna hawa Bagzam da Turawa. Tawayen 2007 da satar mutane a Arlit a 2010 suka katse wannan abinci kusan dare ɗaya. Hanyar da aka gina don idon baƙo takan mutu ranar da baƙo ya daina zuwa. Wadda ɗan gari ke takawa ita ke daɗewa, in baƙo ya zo daga baya ya tarar da ita a raye, madalla.

Saboda haka ga abin da nake roƙon ƴan'uwana malamai da ƙungiyoyin raya al'adu. Kowace makaranta ta zaɓi hanya guda kusa da ita, wadda za a je a dawo tsakanin hantsi da la'asar, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, kafin zafin bazara. A sanar da maigari da iyayen yara, a nemi dattijon da ya san wurin ya yi jagora, kada a yi nisa da ƙauyuka, a ɗauki ruwa fiye da yadda ake zaton za a sha. A rubuta sunan kowane tsauni da rijiya da tabki da itace cikin duk harsunan da ake kiransu da su, tare da abin da tsofaffi suka faɗa a kansu. Malamin labarin ƙasa ya zana taswira, mai waya ya ɗauki hoto da murya. A faɗi gaskiyar hanyar: ina yashi, ina hawa, ina inuwa, awa nawa a ƙafa, nawa a keke. A ajiye kwafi guda a makaranta, guda wurin maigari, guda a ofishin magajin gari, domin takardar da yara suka rubuta yau tana iya raba gardamar burtali gobe.

Kalmar da za ta fassara randonnée kuwa, kada mu gaggauta ƙirƙiro ta a ɗakin taro. In yaranmu suka saba fita, bakinsu zai raɗa wa abin suna, kamar yadda kakanninsu suka raɗa wa gwadabe da turba da labi. Dattawan da suka bi ayari da ƙafarsu ƴan kaɗan suka rage, kuma kowane hunturu yana tafiya da wasu. Mai son ya tambaye su, bana ya kamata ya ɗaura takalmi.