Ba Sabis Ne Ya Ɗauke Ba

A garin Sanyinna da ke Ƙaramar Hukumar Tambuwal akwai wani matashi mai shagon buga takardu. Ɗaki ɗaya ne shagon: teburi, benci biyu, kwamfutar tafi-da-gidanka wadda ta ga jiya, firinta, da batir guda wanda farantin sola ke cikawa. A galibin watannin shekara aikin bai wuce katin ɗaurin aure, takardar neman aiki da kwafin katin shaida ba. Amma idan hukumar JAMB ta buɗe shafin fitar da takardar da ke nuna wa ɗalibi cibiyar jarrabawarsa da rana da lokaci, sai bencin ya cika har a tsaya a waje. Wasu daga ƙauyukan da ke wajen Kebbe suke tasowa a kan babur, sun biya kuɗin zuwa, za su biya na komawa, ba su da na sake dawowa gobe.

A Afrilun 2025, ana saura 'yan kwanaki a fara wannan hada-hada, tsohuwar firintar ta mutu. Ya tafi Sakkwato ya sayo wata ta hannu. Kwamfutar kuwa tun tuni ya sauya mata manhaja zuwa Ubuntu, domin Microsoft ya riga ya sanar cewa zai daina kula da Windows 10 daga ranar 14 ga Oktoba, 2025, ita kuma ba ta da ƙarfin ɗaukar Windows 11. Sabuwar firintar tana buƙatar manhajarta, kwamfutar kuma ta yi watanni ba a sabunta ta ba, don haka da ya nemi abu ɗaya sai ta jero masa ɗaruruwan megabait na abubuwan da ke jiran saukewa. Ya kunna hotsfot a wayarsa, ya haɗa, ya ba da umarni. Aiki ya fara tafiya, ya yi nisa, sai ya tsaya cik. Ya sake, ya sake tsayawa. Haka aka yi kwana biyu.

Duk wanda ya leƙo shagon hukunci ɗaya yake yankewa: sabis ya ɗauke. Mutanen wannan yanki suna da hujjar saurin faɗin haka. A Satumban 2021 gwamnati ta sa an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na Jihar Sakkwato saboda yaƙi da 'yan bindiga, bayan an fara yin haka a Zamfara, mutane suka koma hawa tudu ko yin tafiya mai nisa don neman inda waya za ta shiga. Ranar 14 ga Maris, 2024 kuma manyan wayoyin da ke shimfiɗe a ƙarƙashin teku, wato WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace daura da gaɓar Kwaddibuwa, intanet ya yi ta rarrafe a ƙasashen Afirka ta Yamma, bankuna suka rikice. Wanda ya ga irin wannan, in abu ya tsaya ba ya duba kusa da shi. Can nesa yake kallo. Illar wannan jimla ita ce tana rufe bincike. Da zarar an ce sabis ne, ba abin da ya rage sai jira, jiran kuwa a nan kuɗi yake ci, musamman tun da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a farashin kira da data a Janairun 2025.

Abin da ya hana mai shagon sakin jiki da wannan hukunci shi ne, duk lokacin da ya duba wayar bayan aikin ya tsaya, sai ya tarar sandunan sabis a cike, saƙonnin WhatsApp suna shiga suna fita. Yana da ɗan kawu da ke karatun kwamfuta a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, shi ya riƙa kira yana karanto masa abin da ke fitowa a allo.

Abu na farko da ɗan kawun ya fahimtar da shi shi ne, abin da ake kira sabis ba igiya ɗaya ba ce, gaɓoɓi ne a jere. Akwai tsakanin kwamfuta da waya. Akwai tsakanin waya da turken sadarwa da ke bayan gari, wanda shi ma yake rayuwa da man dizal ko batir. Daga turke saƙo yana bin wayar gilashi ko tsallaken iska zuwa cibiyar kamfani, daga nan ya fita ƙasar, sau da yawa ta Legas da teku, har ya isa rumbun da ke ajiye ƙunshin manhajojin. Kowace gaɓa tana iya yankewa, kowace kuma da irin kukan da take yi. Idan allo ya ce “Temporary failure resolving”, kwamfutar ta kasa juya sunan rumbun zuwa lambar adireshinsa ne, kamar mai aike da ya san sunan gida amma ya rasa wanda zai nuna masa unguwar. Idan ya ce “Connection timed out”, an san gidan, an yi ta sallama, shiru. Idan kuwa ya ce “Hash Sum mismatch”, kaya sun iso amma ba su ne aka aiko ba. Wannan na ƙarshe ya gan shi sau ɗaya, a daren da datarsa ta ƙare ba tare da ya sani ba. A irin wannan hali wani lokaci shafin sayen data ne ke isowa a madadin fayil ɗin da aka nema, manhajar ta auna shi da hatimin da take da shi, ta ga bai dace ba, ta yar.

Dalilin da WhatsApp ke tsira sauke babban fayil yana faɗuwa ba boyayye ba ne. Gajeren saƙo daƙiƙa ɗaya ta ishe shi. In hanya ta toshe ya jira, in ta buɗe ya wuce, mai wayar bai ma lura ba. Babban fayil kuwa ƙulli-ƙulli ake turo shi, dubbai a jere, a kan ƙa'idar da ake kira TCP: mai aikawa ya turo, mai karɓa ya amsa cewa ya samu, sannan a ci gaba. Ƙulli ɗaya in ya ɓace, sai a sake turo shi. Ɗan gajeren shiru ba ya kashe wannan zance. Amma idan shirun ya wuce wa'adin da manhajar ta ɗiba, sai ta ɗauka abokin maganarta ya tafi, ta rufe. Haka kuma idan waya ta rabu da turke gaba ɗaya ta dawo da sabon adireshi, tsohon zancen ya mutu ke nan, dole a buɗe sabo.

A nan ne ya gano asarar da ta fi ba shi haushi, wadda kuma shi ya jawo wa kansa. Wani abokinsa ya taɓa gaya masa cewa in sabuntawa ta ƙi, a fara da share komai da umarnin apt clean, sannan a sake daga farko. Sau biyar ko shida ya yi hakan. Alhali manhajar apt, wadda ke kula da ƙunshin manhajoji a Ubuntu, ba ta zubar da abin da ta riga ta sauke. Fayil ɗin da ya kammala tana ajiye shi a /var/cache/apt/archives, wanda ya yanke a tsakiya kuma tana sa shi a wani lungu mai suna partial a cikin wannan ma'ajiya. In aka sake ba ta umarni, sai ta ce wa rumbun ya ɗora daga inda aka tsaya, domin ƙa'idar HTTP ta yarda a nemi wani yanki na fayil maimakon dukansa. Wato duk lokacin da ya share, hatsin da ya riga ya biya kuɗin dakonsa yake zubarwa a bakin rumbu. Waɗanda suka gina manhajar sun yi tanadi domin mai raunin hanya. Shawarar da ke yawo baki da baki ce ta fito daga masu intanet ɗin da ba ya yankewa, waɗanda sake sauke megabait ɗari uku ba ya taɓa aljihunsu.

Sanin wannan ya tsayar da zubewar kuɗi, amma bai faɗi abin da ke yanke hanyar ba. A rana ta uku ya yi abin da ya kamata a fara da shi. Ya buɗe tagogi uku a allo, ya sa umarnin ping yana ƙwanƙwasa wurare uku ba tsayawa: wayar kanta, lambar 8.8.8.8 ta Google, da sunan rumbun Ubuntu. Ya ɗauko littafin da yake rubuta masu bashi, ya juya bayansa, ya shiga rubuta lokacin da kowace taga ta yi shiru. Tagar farko ba ta taɓa yin shiru ba, don haka tsakanin kwamfuta da waya lafiya lau. Sauran biyun tare suke ɗaukewa, tare suke dawowa. Matsalar tana daga wayar zuwa gaba ke nan. Kafin la'asar ya tara lokuta bakwai a shafin.

Ƙanensa da ke taya shi aiki a shago ne ya karɓi littafin yana dubawa, sannan ya ɗauki wayar.

“Yaya, wanga lokaci na ƙarfe sha ɗaya da kwata, ba shi ne Inna ta kira ba?”

Suka buɗe jerin kiraye-kiraye suka jera shi da shafin. Biyar daga cikin bakwai sun faɗa daidai kan kira. Biyu daga cikin biyar ɗin ma shi ne ya kira ɗan kawunsa a Sakkwato yana tambayar me ya sa aiki ke tsayawa.

Wayar mai layi biyu ce, irin wadda ke hannun kusan kowa. Layi ɗaya na data, ɗayan shi ne lambar da jama'a suka sani, wadda ke rubuce a ƙofar shago. Yawancin irin waɗannan wayoyi layukan biyu suna sauraro tare, amma na'urar aikawa da karɓa guda ce suke rabawa. Da zarar kira ya shiga a layi na biyu, sai datar layi na farko ta dakata har a ajiye waya. Ko mai layi ɗaya bai tsira ba. An gina 4G domin data ne, kuma inda ba a kunna tsarin VoLTE mai ɗaukar murya a kansa ba, wayar sai ta sauko 3G ko 2G kafin ta amsa kira. A 2G kuwa galibi data tsayawa take yi har a gama magana. Sandunan da ke saman allo ba sa nuna ko ɗaya daga cikin wannan. Ƙarfin siginar turke kawai suke aunawa, kuma kafin mutum ya sauke wayar daga kunne ya duba, komai ya koma daidai.

Da suka ƙara dubawa sai suka ga ba kowane kira ne ya yi kisa ba. Wanda ya kira ya ce “ka buɗe?” aka ce “na buɗe” ya ajiye, saukewar ta ɗan numfasa ta ci gaba. Masu kashewa su ne kiran manya, inda ake fara da ina kwana, a bi ta gajiya da zafi da iyali da kasuwa, a tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, kafin a iso ga abin da ya sa aka kira. Wa'adin haƙurin manhaja bai kai tsawon gaisuwar Basakkwace ba. Sauran lokuta biyun da ba su dace da kira ba, da rana tsaka suka faru, wayar tana kan caji tana aikin hotsfot cikin zafin bazara har ba ta taɓuwa. Waya in ta yi zafi haka takan rage ƙarfin aikinta don kare kanta. Wannan zato ne mai ƙarfi, amma littafin bashi bai isa ya tabbatar da shi ba.

Maganin bai ci ko sisi ba. Bayan sallar isha'i ya kashe layi na biyu, ya cire wa wayar riga, ya jona ta da kwamfuta ta igiyar USB maimakon iska, ya ajiye ta a taga. Sannan ya raba aikin gida biyu. Da farko ya ce a sauke kawai kada a girka, da apt-get --download-only upgrade, ya ƙara -o Acquire::Retries=10 domin in fayil ya yanke manhajar ta sake nema da kanta har sau goma. Wannan rabuwa tana da muhimmanci, domin haɗarin kowane ɓangare daban ne. Saukewa tana tsoron yankewar sabis, amma yankewar ba ta lalata komai. Girkawa ba ruwanta da sabis, wuta take tsoro: in batir ya mutu ana tsakiyar maye gurbin fayilolin da kwamfuta ke tashi da su, ana iya wayar gari ta ƙi tashi, ko da yake sau da yawa dpkg --configure -a yakan ƙarasa abin da aka bari rabi. Saboda haka ya bar girkawar sai da hantsi, lokacin da rana ta cika batir.

Ƙunshi ɗaya ne ya saɓa wannan tsari, wato wanda ke kawo haruffan Times New Roman da Arial, waɗanda duk mai neman aiki ke so a buga masa takarda da su. Shi wannan a tsakiyar girkawa yake komawa intanet ya ɗebo haruffan daga wani wuri dabam, don haka sai da aka sake kashe layi na biyu na ɗan lokaci dominsa.

Firintar ta fitar da shafin gwaji kafin azahar. Ɗalibar farko da aka buga wa takarda daga wani ƙauye ta zo tare da wanta, ta karɓa ta duba sunan cibiyar sau biyu, ta naɗe ta sa a cikin hijabi. Ana cikin haka sai ga kawun mai shagon ya iso da sandarsa, ya tsaya a bakin ƙofa.

“Kai, lafiya wayarka take a kashe tun daren jiya? Sau huɗu ina kira.”

“Lafiya lau, Kawu. Aiki nake da ita. Bismillah, shigo daga ciki.”

Ya jawo masa benci, ya durƙusa, aka fara gaisuwa daga farko.