WASAN KIRARI NA AMURKAWA: GASA NE KO SHAGALI?

Akwai wata gardama da mutanen Amurka suka daɗe suna yi a kan makarantunsu na sakandare, har ta kai su gaban alƙali, ita ce na ke so in kawo muku a wannan shafi namu. Wanda ya ji ta farat ɗaya zai ce gardamar masu ƙoshi ce. Amma da na bi ta sannu a hankali, sai na ga a cikinta akwai abin da ya shafi duk wanda za a danƙa wa 'ya'yan mutane a hannu, watau ni da ku, 'yan'uwana masu koyon aikin malanta.

Ga yadda abin ya ke. A can ƙasar, in za a buga ƙwallo tsakanin makarantu biyu, kowace makaranta tana da wata ƙungiya ta musamman, yawancinsu 'yan mata, masu tufafi iri ɗaya. Su kan tsaya a bakin fili suna kiran sunan makarantarsu, suna tafi, suna rawa, suna zuga 'yan kallo su ɗauki sowa. Su suna ce da abin ciyalidin. Ni kuwa zan kira shi wasan kirari, domin aikinsu na asali irin na mai kirari ne a dandalin kokawa: ba shi ke kayarwa ba, amma shi ke sa jinin ɗan wasa ya tafasa. To, abin da a ke jayayya a kai shi ne, a lissafta wannan abu cikin wasannin gasa na makaranta, tare da ƙwallo da gudu da tsalle, ko kuwa a bar shi cikin ƙungiyoyin shagali, irin su 'yan waƙa da 'yan wasan kwaikwayo?

Kafin in faɗi nawa ra'ayi, bari mu ga inda abin ya samo tushe. A ran 2 ga Nuwamba, 1898, wani ɗalibi mai suna Johnny Campbell ya fito gaban 'yan kallon ƙwallo a Jami'ar Minesota, ya ja su suka yi kirari baki ɗaya. Daga wannan rana a ke ƙirga mafarin abin. A zamanin nan aikin maza ne zalla, kuma aikin girma ne. Shugabannin Amurka irin su Eisenhower da Reagan da George W. Bush duk sun taɓa shi sa'ad da su ke 'yan makaranta. Mata sun fara shiga a 1923, da Yaƙin Duniya na Biyu ya kwashe samari kuwa, sai suka zama su ne mafi yawa, har wa yau. A 1948 wani mutumin Teksas, Lawrence Herkimer, ya fara tara yara yana koya musu abin sosai, kuma zamansa na fari a wata kwalejin horon malamai ya yi shi, irin tamu.

Da a nan abin ya tsaya, da babu gardama. Wanda ya tsaya a gefe yana tafi ba ya ce shi ɗan wasa ne. Amma daga wajen 1974, da wani mai suna Jeff Webb ya kafa tasa ƙungiyar koyarwa, sai abin ya sake kama. Aka shigo da alkafura irin ta 'yan jimnastik. Aka shigo da ɗaga mutum a tafin hannu, yana tsaye da ƙafa ɗaya. Aka shigo da gina dala ta mutane, wani kan kafaɗar wani, kamar buhunan gyaɗa a dalar Kano ta da. Aka kuma shigo da jifa: mutum uku ko huɗu su haɗa hannu su cilla yarinya sama, ta wuce tsawon mutum biyu, ta juya a iska, su tare ta kafin ta kai ƙasa. Sa'an nan aka fara gasa tsakanin makarantu, ba ƙwallo a fili, ba wanda a ke yi wa kirari. Kowace ƙungiya a ba ta minti biyu da rabi a kan shimfiɗa mai faɗin ƙafa 42 da tsawon ƙafa 54, alƙalai suna zaune suna ba da maki, wadda ta fi ta ɗauki kofi.

Kun ga ke nan abu biyu ne su ke amsa suna ɗaya. Akwai kirarin bakin fili, akwai kuma na gasa. Sau da yawa yara ɗaya ne su ke yin duka biyun, kuma jifar nan da dalar nan ba su tsaya ga ranar gasa ba, har a bakin fili a kan yi su.

Yanzu ga abin da ya sa na ce maganar ba ta masu ƙoshi ba ce. A Jami'ar Karolina ta Arewa akwai wata cibiya mai lissafin munanan raunukan wasa, irin waɗanda ke fasa kai, ko su karya wuya, ko su shanye jiki, ko su kashe. A 2012 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta duba wannan lissafi na wajen shekara 25, ta ga cikin irin waɗannan raunuka da suka sami 'yan matan sakandare, kusan biyu cikin uku a wasan kirari aka same su. Gaskiya ne, in an ƙirga dukan raunuka manya da ƙanana, wasan kirari bai kai wasanni da yawa ba. Amma nasa in ya zo, da nauyi ya ke zuwa, domin faɗuwa ce daga sama. Shawarar da likitocin nan suka bayar ita ce a lissafta shi cikin wasanni a kowace jiha. A shekarar nan jihohi 29 ne kaɗai cikin 50 suka yi haka. A 2014 babbar ƙungiyar likitocin ƙasar ita ma ta goyi bayansu.

Mene ne ruwan likita da suna? Hausawa sun ce suna linzami ne. A makarantar Amurka, abin da aka rubuta cikin wasanni dokokin wasanni su ke hawa kansa. Sai likita ya duba yaro kafin ya shiga. Sai mai koyarwa ya sami horo da shaida. Akwai wurin gwaji da aka keɓe, akwai mai duba rauni, akwai ƙa'idar da ta hana wanda ya bugu a ka komawa fili sai an tabbata ya warke. Abin da aka rubuta cikin shagali kuwa, sai a miƙa shi ga duk malamin da ba shi da aikin yamma, a yi gwaji a baranda ko a kan daɓen siminti, domin 'yan ƙwallon kwando sun kama zaure.

Wannan na gan shi da idona, ko da ya ke ban taɓa taka Amurka ba. A makarantar mishan da na yi, kowace shekara a kan yi ranar gasa tsakanin gidajen ɗalibai, a kuma buɗe ta da fareti da rawa da dala ta mutane, don a burge manyan baƙi. Masu gudu da masu tsalle suna hannun malamin wasanni, suna da ramin yashi, akwatin magani yana kusa. Mu 'yan dala kuwa muna hannun malamar waƙa, mace mai kirki ƙwarai, amma ba a taɓa koya mata yadda a ke tare mai faɗuwa ba, domin a takardar makaranta abinmu ado ne, ba wasa ba. Ni ina cikin na ƙasa, saboda ƙashina. Wata rana muna gwaji a kan tsandauri bayan ɗakin cin abinci, sai ƙafar wani ta goce, yarinyar da ke can ƙololuwa, 'yar aji ɗaya, ta faɗo ta kafaɗa. Har yau ina jin ƙarar. Akwatin magani yana kulle a ɗakin kayan wasa, mabuɗi yana aljihun malamin wasanni, shi kuwa yana can ƙarshen fili tare da 'yan wasansa na gaske. Ƙashin wuyan rigarta ne ya karye, Allah ya kiyaye bai zama wuyan kansa ba. Ba wanda ya yi mugunta a ranar nan. Suna kawai aka ba abu wanda ba nasa ba, kowa ya bi sunan.

Amma kada in yi muku shari'a da bakin mutum ɗaya. Masu ƙi suna da hujjojinsu, kuma ba duka ne na banza ba.

Na fari sun ce ba ƙwallo, ba raga, ba agogo, sai ra'ayin alƙali, ina wasa a nan? Wannan ba ta da ƙarfi. Jimnastik da tsunduma cikin ruwa daga sama duk da makin alƙalai a ke yanke su, ga su kuwa a Olamfik tun da daɗewa.

Na biyu sun ce ai aikinsu taya wasu ne. Wannan gaskiya ce ga kirarin bakin fili, amma ba ta taɓa na gasa ba. Kuma ko a bakin filin ne, ƙasa ba ta tambayar yarinya dalilin da ya sa aka jefa ta kafin ta karya ta.

Na uku ita ce mai nauyi. A 1972 Amurka ta yi doka, wadda su ke kira Babi na Tara, cewa makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya ba za ta fifita maza a kan mata ba, har a wajen wasanni. To, in an ce kirari wasa ne, makaranta mai wayo tana iya rushe ƙungiyar mata mai cin kuɗi, ta nuna 'yan kirari ta ce ga matanmu nan suna wasa. Ba zato ba ne, an gwada. A 2009 Jami'ar Quinnipiac a jihar Konetikat ta so ta soke ƙwallon raga ta mata ta sa kirarin gasa a gurbinta. 'Yan matan suka kai ƙara. A 2010 alƙali Stefan Underhill ya yanke cewa kirarin gasa, yadda ya ke a lokacin, bai tsaru ba har ya cika gurbin wasa a ƙarƙashin dokar nan, kotun gaba kuma ta tabbatar a 2012. Ni ina ganin alƙalin ya yi daidai, domin abin da ke gabansa wayo ne aka so a yi wa 'yan mata. Amma maganin wannan shi ne a hana wayon. Ba a hana yaro takalmi don wani ya taɓa satar takalmi.

Na huɗu, abin mamaki, daga bakin waɗansu 'yan kirarin da masu koya musu ta ke fitowa. Sun ce in an sa su cikin wasanni, za a yanka musu lokacin shekara da za su yi gwaji, a wasu jihohi har a taƙaita musu tafiya gasa mai nisa. Ni a wurina wannan ba hasara ba ce. Jikin yaro ɗan shekara goma sha biyar yana bukatar hutu, ƙa'idar da ta hana ɗan ƙwallo aiki shekara cur ai don lafiyarsa aka yi ta.

Ga alama duniya tana karkata wajen masu yarda. Jihar Niyu Yok ta lissafta kirarin gasa cikin wasannin makaranta a 2014. Kalifoniya ta yi doka a kai a 2015. Kwamitin Olamfik na duniya ya ba ƙungiyar 'yan kirari ta duniya amincewar wucin gadi a 2016, ya cika ta a birnin Tokiyo a 2021, ko da ya ke amincewa dabam, shiga gasar Olamfik dabam. Dokokin sakandare na can kuma sun hana dala ta wuce hawa biyu, sun hana jifa a kan daɓe mai tauri.

To, ga inda na tsaya. Ƙungiyar da aikinta tafi da waƙa da rawa ne, ƙafa a ƙasa, a bar ta cikin shagali, ba abin kunya ba ne. Amma daga ranar da aka ɗaga yaro sama da kan ɗan'uwansa, ko aka cilla shi, abin ya zama wasa, a rubuta shi haka, a ba shi duk abin da a ke ba wasa. Ba don a ba yaran girma na ke faɗin haka ba, ko da ya ke sun cancanta, gama wanda ya riƙe mutum a tafin hannu ya san ƙarfi ba ƙarya ba ne. Don wuyansu na ke faɗi.

'Yan'uwa, in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Nan da shekara ɗaya ko biyu za a rarraba mu makarantu, kuma sabon malami shi a kan ɗora wa shirin ranar biki. In hedimasta ya ce ka shirya yara su yi abin da zai burge baƙi, ka tambayi kanka tun da wuri: akwai wanda ƙafarsa za ta bar ƙasa? In akwai, ka nemi malamin wasanni ya tsaya tare da kai, ka nemi yashi ko katifa, ka sa masu tarewa a baya, ka ga akwatin magani a buɗe kafin a fara. In an ce ai ba wasa ba ne, ado ne kawai, ka amsa da ladabi cewa iyayen yaran nan lafiyayyu suka kawo mana su, lafiyayyu kuma su ke so mu mayar. Allah ya ba mu ikon riƙon amana.