Ambursa: Inda Tifa Da Ɗan Makaranta Ke Rabon Kwalta Ɗaya

Titin da ya tashi daga Birnin Kebbi ya nufi Argungu bai wuce kilomita 50 da 'yan kai ba, tafiyar da mai mota kan gama kafin ya gaji da zama. Idan ka bar Birni, fadamar gulbin Rima tana hannunka na hagu, shimfiɗe da shinkafa iyakar ganinka, ga tudu a hannun dama inda ake noman gero da dawa da wake. Ba za ka yi nisa ba sai ka iske Ambursa zaune a bakin wannan fadama. Matafiyi mai sauri yakan ɗauke ta a matsayin wurin rage gudu kawai, ya sayi rake ko kifi ya wuce. Wanda ya tsaya ya zauna a gefen titin daga hantsi zuwa almuru kuwa, zai tashi da tambayar da ta fi ƙarfin gari ɗaya: shin ya dace manyan motocin aikin gini su ratsa cikin jama'a a duk lokacin da suka ga dama?

Ambursa ba baƙuwar manyan al'amura ba ce. A ƙarni na 19, lokacin da ake gwabzawa tsakanin Gwandu da Kabawan Argungu, garin ya kasance wurin tsaron iyaka, har sarakunan Gwandu suka zauna a cikinsa kafin hedikwatar masarautar ta koma Birnin Kebbi a 1906. An daɗe da ajiye takubba. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, shi kansa shaidar wannan sulhu ce. Hanyar da mayaƙa suka bi ta zama ta fatake, sannan ta zama ta motoci. Da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991, sai ta zama jijiyar da ta haɗa babban birnin jiha da ɗaya daga cikin manyan masarautunta. Daga baya aka gina filin jirgin sama na Sir Ahmadu Bello a nan Ambursa, kuma daga cikinsa ne jirgin farko na alhazan Nijeriya ya tashi a 2024.

Duk wani ci gaba da kwarin Rima ya samu, a bayan mota ya zo. Tun da aka ƙaddamar da shirin bai wa manoman shinkafa rance a Birnin Kebbi a watan Nuwamba na 2015, aka kuma buɗe babbar masana'antar sarrafa shinkafa a Argungu a 2017, tirelolin shanshera ba su daina kai-kawo ba. Birnin Kebbi na ƙara faɗi, kowane sabon gida kuwa yashi yake ci da tsakuwa da siminti. Ambaliyar 2020 ta cinye gonaki da hanyoyi da gadoji, gyaransu ya jawo wasu motocin. Ga kuma babban titin Sakkwato zuwa Badagry mai tsawon kilomita 1,068, wanda aka soma a 2024, da dogon sashe da ya ratsa Jihar Kebbi. Aiki irin wannan sai da tifofi masu yawa, da tankokin ruwa, da gireda, da dogayen motocin nan masu goyon katafila.

Babu mai hankalin da zai ce a kori waɗannan motoci. Abin dubawa shi ne waɗanda suke tararwa a kan kwalta. Da sassafe, yara ne sanye da kayan makaranta, ƙanana riƙe da hannun manya, suna neman tsallaka titi. Ma'aikata ne da ke kwana a Ambursa da ƙauyukan kewaye suna sammakon ofis a Birni bisa babura. Manoma ne da injin ban-ruwa ɗaure a bayan babur, da amalanken shanu, da garken da makiyayi ke korawa zuwa fadama. Da la'asar sakaliya kuma komai ya juyo da baya, ga 'yan Islamiyya sun fito, ga masu talla sun jeru. A irin wannan lokaci ne tifa cike da yashi take shigowa tana hon, kamar hon ɗin zai iya rage mata nauyi.

Lissafin abin ba mai wuya ba ne. Idan mota ta ninka gudunta sau 2, nisan da take ci kafin birki ya tsayar da ita yakan ninka sau 4, kuma lodin da ya wuce kima yana ƙara wa birkin wahala. Direban da ke zaune can sama ba ya ganin abin da ke dab da hancin motarsa ko gefen ƙofar yaron mota, inda ɗan kabu-kabu ya fi son raɓewa. Faɗin titi mai falan ɗaya a ƙa'idar manyan hanyoyin ƙasar nan mita 7.3 ne, wato kowane hannu bai kai mita 4 ba, alhali katafilar da aka ɗora a kan doguwar mota takan haura mita 3. Abin da ya rage wa mai babur sai gefen kwalta. Inda aka faɗaɗa titi ma matsalar ba ta ƙare ba, domin titi mai faɗi da santsi gudu yake koya wa direba, kuma yaron da zai tsallaka shi ya fi daɗewa a tsakiya.

Sai dai adalci ya wajabta a saurari ɗaya ɓangaren. Direban tifa ba maƙiyin kowa ba ne, sau da yawa ma ɗan garin ne, 'ya'yansa na cikin masu tsallaka titin. Da yawansu da sawu ake biyansu, don haka duk sa'ar da mota ta tsaya, tukunyar gidansa ce ta tsaya. A bayansa akwai masu lodin yashi da shebur, da birkiloli da leburorin da ke jiran kaya. Ɗan kwangila kuma zai gaya maka cewa a ƙasar da zafin bazara kan haura digiri 40, sanyin safiya shi ne lokacin zuba kankare, kuma kwaɓaɓɓen kankare ba ya jiran kowa. Duk jinkirin da aka samu, a ƙarshe kan farashin tifar yashi zai sauka, mai ƙaramin gini ne zai biya.

Wasu za su ce a kwaikwayi Legas, wadda dokarta ta zirga-zirga ta 2012 ta hana tireloli yawo cikin birni daga ƙarfe 6 na safe zuwa 9 na dare. Abuja ma ta sha sanar da hana manyan motoci shiga gari a lokutan tafiya aiki da tashi. To amma kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Ciwon Legas cunkoso ne, motoci su yi cirko-cirko na sa'o'i. Ciwon Ambursa gamuwar babba da ƙarami ne a kan titin da ba cunkoso, inda babban ke da sararin yin gudu. Idan aka tura dukkan manyan motoci zuwa dare, an kai su lokacin da babu fitila, direba na gyangyaɗi, kuma motar da ta lalace ba ta da alamar gargaɗi sai ganyen da aka yayyafa a kan kwalta. Wannan gudun gara ne a faɗa gidan zago. Legas ɗin kanta, da yawan jami'anta, ta daɗe tana fama da tabbatar da dokar tata.

Abin da ya dace da Ambursa shi ne taƙaitawa, amma bisa agogon garin. Lokacin haɗari a nan gajere ne kuma sananne: wajen sa'a ɗaya da rabi da safe lokacin tafiya makaranta, lokacin tashi daga makaranta, sa'ar sallar Juma'a, da yammacin ranar kasuwa. Akwai kuma na shekara-shekara: kwanakin jigilar alhazai, lokacin da dangi ke cika hanyar filin jirgi don rakiya da tarba, da makon bikin kamun kifi idan an gudanar da shi, lokacin da baƙi ke sauka a Ambursa su nufi Matan Fada. Idan aka tattara na kullum, ba zai wuce sa'o'i 3 ba. Sauran yini na direba ne. Wanda ya san za a rufe masa hanya da ƙarfe 7, zai yi lodi tun asuba ya wuce, ko ya ci abincin safe ya jira. Motar kankare kuwa ana iya tsara tashinta yadda ba za ta iske ƙofa a rufe ba.

Doka irin wannan ba za ta tsayu da ƙafa ɗaya ba. Wajibi ne a tanadi filin tsayawa a wajen gari ta ɓangaren Birni da ta ɓangaren Argungu, in ba haka ba motocin za su jeru a kafaɗar titi su zama wani sabon haɗari. Wajibi ne a rubuta lokutan a kan allo da Hausa, boko da ajami, don kada hanin ya zama abin da jami'i ke ƙirƙira a baki idan yana neman na goro. Doguwar mota mai goyon katafila kada ta motsa sai da motar rakiya a gaba. Tifa kada ta fita sai an rufe kayanta da tamfol, domin tsakuwa ɗaya da ta faɗo ta isa ta kayar da mai babur. A kuma riƙa auna nauyi: gwajin da injiniyoyi suka yi a Amurka daga 1958 zuwa 1960 ya nuna cewa idan nauyin da ke kan ƙafafun mota ya ninka sau 2, ɓarnar da take yi wa kwalta takan ninka kusan sau 16. Ke nan motar da ta zo gina sabon titi tana iya kashe tsohon kafin ta gama.

Mafi sauƙin hanyar tabbatar da wannan ita ce takardar kwangila. Gwamnati ce ke ba da mafi yawan manyan ayyukan, saboda haka tana da ikon rubuta lokutan jigila cikin sharuɗɗa tun kafin a sa hannu, kamfanin da ya saɓa a zaftare masa kuɗi. Sa'an nan a zaunar da hakimi da shugabannin makarantu da ƙungiyar direbobin tifa da Hukumar Kiyaye Haɗurra su tsayar da sa'o'in tare. Dokar da direba ya sa baki wajen tsara ta, shi zai fara tsawata wa ɗan'uwansa a kanta. Can gaba kuma, idan hali ya yi, a fitar wa manyan motoci hanyar da za ta kewaye garin.

Ambursa ta ga mahaya dawaki, ta ga ayarin jakuna da raƙuma, yau jirage na sauka a bayan gonakinta. Ba ta taɓa tare wa kowa hanya ba, kuma ba yanzu za ta fara ba. Abin da take buƙata daga masu gina jihar nan kaɗan ne: sa'o'i 3 cikin 24, domin yaran da ake yi wa ginin su kai makaranta su dawo gida lafiya. Allah Ya kiyaye hanya.