Tsakanin Wasa da Riyada: Abin da Gudu Ya Koya Mini a Khartum

A harshen Hausa kalmar "wasa" tana ɗauke da kaya biyu. Ita ce sunan ƙwallo da kokawa da dambe da langa, kuma ita ce kishiyar "gaske". In aka ce yaro yana wasa da karatunsa, an gama yanke masa hukunci. In aka ce wane ba ya wasa, an yabe shi. Saboda haka ɗalibin da ya ce shi ɗan wasa ne, tun bai rufe baki ba harshensa ya riga ya kai ƙararsa. Da wannan fahimta na tashi a Zariya, kuma da ita na sauka Khartum a 2007 domin karatun digiri na biyu a fannin harshe a Jami'ar Afirka ta Duniya, wadda ɗaliban Arewacin Nijeriya da Nijar suka daɗe suna yi wa tururuwa.

Larabci bai raba abin haka ba. Motsa jiki a wurin mutanen Sudan "riyada" ne, kalmar da asalinta horar da doki ne har ya bi linzami. Daga tushenta aka samo "riyadiyyat", wato ilimin lissafi, kuma da ita Sufaye suke kiran horon zuciya. Ke nan mai gudu a fili da mai warware lissafi da mai yaƙi da son ransa duk aiki ɗaya suke yi a idon wannan harshe. Na san haka a ƙamus, amma ƙafafuna ne suka fahimtar da ni.

Na zo a lokacin da gudu ya ɗaga sunan ƙasar. Sudan dai gidan ƙwallon ƙafa ce: a Khartum aka kafa hukumar ƙwallon Afirka a 1957, kuma birnin Umdurman ya rabu biyu tsakanin magoya bayan Hilal da na Marrikh. Sai ga shi a watan Maris na 2008 Abubakar Kaki, yana ɗan shekara 18, ya ci zinare a gudun mita 800 a gasar duniya ta cikin zaure a Balensiya. A watan Agusta kuma, a gasar Olamfik ta Beijing, Kaki da kowa ya sa wa ido bai kai zagayen ƙarshe ba, sai Isma'il Ahmad Isma'il ne ya zo na biyu a bayan Wilfred Bungei na Kenya, ya kawo wa Sudan lambar Olamfik ta farko a tarihinta. Samari suka cika filaye. Ni ma, da na taɓa yi wa makarantarmu ta sakandare gudu, jinina ya motsa.

Wani abokin karatu ya kai ni wani fili mai ƙura a Umdurman, inda wani dattijo yake horar da matasa ba tare da karɓar ko sisi ba. Da ya ji daga inda na fito, sai ya bar Larabci ya gaishe ni da Hausa mai nauyi irin ta kakanni. Ashe asalinsa Mai Wurno ne, garin da ke bakin Shuɗin Nilu, inda mutanenmu da suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 suka zauna. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, me ya kawo ka ƙasar nan?" Na ce, "Karatu, Baba." Ya ce, "To, duk ranar da za ka zo, ka zo da shafin da ka rubuta. In babu shafi, babu fili."

Wannan sharaɗi ya sake tsara mini yini. Daga jami'a zuwa Umdurman sai an tsallake gadar Farin Nilu a bas, cikin cunkoso, don haka sau biyu kawai nake zuwa a mako, bayan la'asar. Sauran kwanaki nakan yi gudu bayan asuba, kafin rana ta buɗe ido, domin a watan Mayu zafin Khartum yakan haura digiri 40. Daga nan sai ful da shayi, sai ɗakin karatu har azahar. Hirar dare ta ragu, yawon kasuwa ya ragu. Wanda ya san ƙarfe huɗu zai tashi ba ya jiran a ce masa ya kwanta.

Gudun mita 800 kewaye biyu ne na fili. Ya fi ƙarfin a yi shi da numfashi ɗaya, kuma bai yi tsawon da za a yi shi da sanɗa ba. Wanda ya zuba duk ƙarfinsa a kewayen farko, wajen mita 600 ƙafafunsa za su yi masa tawaye. Wanda ya cika tattali kuma, sai ya tarar an tafi an bar shi. Baba yakan tsaya da agogo a hannu yana faɗa mana lokacin kowace mita 200, har jiki ya koyi auna kansa. Da wannan ma'auni na raba kundin digirina: babi kaza a wata kaza, shafi biyu a yini, ko da daɗi ko babu. Na kuma koyi shan kaye a gaban jama'a, in share ƙura in dawo jibi. Wannan ya yi mini rana a duk lokacin da malamin da ke duba aikina ya maido mini babi da jan biro har gefen takarda.

Amma a gida labarin ya isa da sunansa na Hausa. Mahaifina, wanda ya sayar da amfanin gonar shekara guda kafin a haɗa mini guzuri, ya kira ni a waya. Ya ce, "Na ji an ce wasa kake yi. Taura biyu ba ta taunuwa." Na ce, "Baba, a yi mini haƙuri zuwa sakamako. In ya yi ƙasa, na bar gudu." Ya yi shiru, sannan ya ce, "Allah ya yi albarka." Wannan shiru ya fi mini kowace bulala nauyi.

Gwajin ya zo a shekarar ƙarshe. Aka sa wata gasa da na yi watanni ina shiri dominta a makon da zan miƙa kundi. Na je wurin dattijon ina sa ran ya nemo mini dabara. Ya ce, "Mai gudu na gaske ya san tseren da ba nasa ba." Ban shiga gasar ba. Na ji zafin abin ƙwarai, amma na miƙa kundi a kan lokaci, sakamako kuma ya fito yadda ya faranta wa mahaifina rai. A nan na gane cewa mafi girman abin da horo yake bayarwa shi ne ikon hana kai abin da ake so saboda abin da ya fi shi.

Tun ranar 15 ga Afrilu, 2023, yaƙi ya tarwatsa wannan duniya. An kwashe ɗalibanmu ta kan iyakar Masar da ta Port Sudan, karatun da yawansu ya katse, har Hilal da Marrikh sai da suka koma buga gasa a Muritaniya. Wasu daga cikin waɗannan ɗalibai sun zo gabana suna neman inda za su ɗora, kuma abin da suke bukata shi ne abin da aka koya mini a filin nan: a faɗi, a tashi, a sake auna taku.

Yau in ɗaliba ko ɗalibi ya zo mini da takardar neman izinin tafiya gasa, ba na ce masa ya zaɓi ɗaya. Nakan ce ya nuna mini jadawalinsa da shafin da ya rubuta. Ku kuma masu nazarin Hausa, ga aiki a gabanku: harshenmu yana da "horo", yana da "juriya", yana da "atisaye". Ya kamata mu riƙa kiran abin da waɗannan yara suke yi da sunan da ya dace da guminsu, domin sunan da aka ba abu shi ne yakan yanke ko uba zai sa masa albarka.